Yashi, Sanda da Maganaɗisu: Gardamar Injin Ban Ruwa a Kwarin Tarka

Daga watan Nuwamba, in an fara dashen albasa a kwarin Tarka, tun daga Karofan ta ƙasar Buza har a gangaro Madawa da Sabon Gida, kunnen mai wucewa ba ya rabuwa da ƙugin injin ban ruwa. Tun shekarun 1990, lokacin da aikin raya kwarin Tarka da Turai ta ɗauki nauyinsa ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse na bututun roba, injin fetur ya kori jigo da ƙwarya daga yawancin garake, albasar nan da duniya ta sani da sunan Galmi kuma ta ƙara zama hajar da ake lodawa zuwa Akara da Abijan da Kwatano. Yanzu sai ga wata garka nan, wata can, ruwa na kwarara a cikinta babu ƙara babu hayaƙi: faifan sola biyu ko huɗu a jingine suna kallon rana, famfo kuma na can ƙarƙashin ruwa. Daga nan gardama ta tashi tsakanin manoma da kanikawa da masu shagunan kayan noma. Wasu sun ce kwanan injin fetur ya ƙare. Wasu sun ce famfon sola kayan mai kuɗi ne, ranar da ya tsaya sai dai a rungume hannu. Kowane ɓangare na da hujjar da ba a ture ta da baki, amma a ganina dukansu sun zuba ido a kan inji, alhali abin da ke yanke hukunci yana ɗan gaba da injin kaɗan, a kan sandar ƙarfen da ke ɗaukar juyi daga inji zuwa ruwa.

Sai an san yadda abin yake a ciki kafin a yi masa shari'a. Tsohon injin lantarki mai aiki da batir yana da naɗin wayar jan ƙarfe a kan abin da ke juyawa, wuta kuwa na isa gare shi ta wasu ƴan guntayen gawayi biyu da ke goga a jikin zobe mai tsaga-tsaga. Gogar nan ita ce ajalinsa: gawayin na cinyewa, zoben na ƙonewa da tartsatsi, zafi na tafiya da wani kaso na wutar. Inji maras gawayi ya juya lissafin. An ɗora maganaɗisu a kan abin da ke juyawa, naɗin waya ya tsaya cak a jikin gida, sannan aka ba wani akwatin lantarki aikin sauya wa wutar hanya sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. Dabarar ta fito tun farkon shekarun 1960, amma ba ta yi araha ba sai bayan da aka samo maganaɗisun niyodimiyam mai ƙarfi a shekarun 1980, wanda yau ƙasar Sin ce ke ƙera mafi yawansa. Da yake babu abin da ke goga in ban da boris, injin na iya shekaru a cikin rijiya ba a fito da shi ba, kuma yana mai da kaso mafi girma na wutar da ya sha zuwa juyi. Ga wanda wutarsa duka daga faifan sola take, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kowane kaso da inji ya zubar a zafi, faifai ne da za a ƙara saye. Shi ya sa kamfanoni irin Lorentz na Jamus da Grundfos na Danmak suka gina famfunansu na sola a kan wannan inji, kamfanonin Sin kuma suka biyo baya da masu sauƙin kuɗi.

Hujja ta farko ta masu goyon bayan sola ita ce mai. Manomin albasa na ban ruwa kusan wata huɗu, kuma duk ranar ban ruwa sai ya zuba fetur, wanda a nan ake kira isansi. Nijar na da matatarta ta SORAZ a Damagaram tun 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, amma shekara da shekaru garaken da ke kusa da iyaka sun fi dogaro da man kwalba da jarka da ke shigowa daga Nijeriya, saboda tallafin gwamnatin can ya sa ya fi araha. Ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban Nijeriya ya ce tallafi ya tafi, farashi ya ninka. Bayan wata biyu aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar da take turowa. Manomin da ke Sabon Gida bai zauna a teburin ko ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari ba, amma shi ya ji su a aljihu. Wanda ya dogara da rana bai ji komai ba, don babu shugaban da ke da ikon rufe mata iyaka. Kuma ba baƙon abu ba ne a yankin: tashar sola ta farko da Nijar ta haɗa da layin wutar ƙasa a Malbaza take, maƙwabciyar Madawa, mai megawat 7, tun 2018.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, ko da yake ba a cika ambatarta ba. Injin fetur a bakin rijiya yake zama yana zuƙo ruwa, kuma zuƙa na da iyakar da Allah Ya ajiye mata: nauyin iska ne ke tura ruwa cikin tiyo, ba ya kuwa iya ɗaga shi fiye da kimanin mita 10 ko a takarda, a aikace bai wuce mita 7 zuwa 8 ba. Shi ya sa in rani ya yi nisa, ruwa ya ja ƙasa, ake ganin manomi ya haƙa rami a gefen rijiya ya sauke injin ciki don ya kusanci ruwan, ya riƙa shiga yana shaƙar hayaƙi kowace safiya. Famfon da ke nutse a cikin ruwa turowa yake yi daga ƙasa, wannan iyaka ba ta shafe shi ba. A wuraren da ruwa ya yi nisa, irin tuddan Adar da ke kewaye da Keita da Buza, maganar ba ta ma kai ga zaɓi ba, don injin zuƙa ba ya isa.

To, a saurari ɗaya ɓangaren, domin ba jahilci ke sa su magana ba. Injin fetur na ban ruwa, ko na Honda ne ko kwaikwayonsa na Sin, ɗan gida ne. Babu babbar kasuwa a Adar da za a rasa wanda zai kwance shi a kan buhu, ya wanke kafireto, ya sauya fulogi ko zoben fistin, ya ɗaure, ya ja igiya ya tashi kafin la'asar. Kayan gyaransa na shigowa ta Illela da Ƙonni daga Sakkwato da Kano, kuma na wannan inji na shiga jikin wancan. Ana ɗora shi a bayan babur a kai wata garka, a ba ƙane aro, a sayar in bukata ta taso, a kwana da shi a ɗaki. Inji maras gawayi kuwa duk hikimarsa na cikin akwatin lantarki, wani lokaci ma akwatin a cikin jikin famfon yake, an zuba masa danƙo an liƙe. Ranar da tsawa ta taɓa shi, ko zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya dafa shi, ko wani ya haɗa waya a juye, bakanike mai sufana da guduma ba shi da abin yi. Albasa kuma ba ta san uzuri ba. Saiwarta gajeriya ce, in ta yi ƴan kwanaki ba ruwa a lokacin da take ɗaure kai, an yi asarar da ba ta dawowa. Mai wannan ra'ayi na cewa gara injin da ke lalacewa sau biyar a shekara a gyara shi a yini ɗaya, da wanda ke lalacewa sau ɗaya a shekara biyar a jira kayansa daga Yamai wata guda. Duk wanda ya raina wannan magana bai taɓa lissafa abin da ke cikin rudun albasa ba.

Amma akwai tambayar da ɓangarorin biyu ke tsallakewa: in famfon sola ya tsaya, me ya mutu a cikinsa? Amsar ta fi fitowa fili a wani fage da ba shi da alaƙa da noma ko kaɗan, wato damben na'urori da ake yi a Amurka da Ingila, irin gasar BattleBots da ta Robot Wars wadda BBC ta fara nunawa a 1998. Ana ƙera ƴan motoci masu makami, a sa su a keji, masu su na sarrafa su daga waje har ɗaya ta ragargaza ɗaya. Manya na kai kilo 113, amma yawancin masu sha'awa a ƙananan aji suke wasa, na kimanin kilo ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Wasan yara ne a ido, sai dai babu inda ake gallaza wa inji kamar can. Da masu wannan wasa suka koma ga inji maras gawayi, irin wanda ake ƙera wa jirage marasa matuƙi, sun sami ƙarfi mai yawa a jiki maras nauyi, suka kuma sami sabon ciwon kai. An yi injin ne don ya juya farfela a cikin iska, sandarsa siririya ce, sau da yawa milimita 3 zuwa 5. In aka ɗaura makami kai tsaye a kanta, karo ɗaya ya isa ya lanƙwasa ta, ko ya fasa boris, ko ya ɓamɓare maganaɗisu daga mazauninsa, alhali naɗin wayar lafiyarsa lau. Maganin da suka gano ba ƙara wa inji ƙarfi ba ne. Sun raba aikin gida biyu: makami ya hau tasa sanda mai kauri da nasa boris, inji ya koma gefe yana juya shi da bel, ta yadda in aka yi karo bel ɗin zai zame ya shanye dukan. Wasu kuma suka cire siririyar sandar gaba ɗaya suka sa mai kauri.

Dalilin da kauri ke da wannan tasiri lissafi ne mai sauƙi. Ƙarfin sanda wajen jure murɗa ba ya tafiya daidai da kaurinta, ninkuwa yake yi sau uku a kan kansa: in aka ninka kauri sau biyu, juriya ta ninku sau takwas. Sanda mai milimita 10 ta kusa ninka mai milimita 8 a juriya, ko da yake ido da ƙyar zai bambanta su a kan teburin mai shago. A nan ne kamfanin da ke neman rage farashi ke samun wurin yanka, don mai saye adadin wat da ke rubuce a kwali yake tambaya, ba ya tambayar abin da ba ya gani.

Famfon rijiya ba ya karo da kowa, amma yana da abokin dambensa, shi ne yashi. Kwarin Tarka da na Majiya ƙasa ce da ruwa ya kwaso ya jibge, kuma rijiyar burtsatse da aka haƙa da hannu, in ba a yanka wa bututunta tsaga daidai ba, ba a kuma zuba tsakuwa a kewayensa ba, da yashi take ba da ruwa. Famfunan sola iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai murɗaɗɗen ƙarfe da ke juyawa a cikin kube na roba, dabarar wani Bafaranshe René Moineau ta wajajen 1930, wanda ya ƙware wajen turo ruwa daga nesa ko da rana ba ta yi ƙarfi ba. Ƙarfen nan ba a tsakiya yake juyawa ba, yana ɗan kaɗawa gefe, don haka sandar da ke haɗa shi da inji lanƙwasa take yi kaɗan a kowane juyi, sau dubbai a cikin minti. Yashi na shiga tsakanin ƙarfe da roba yana ci kamar zarto, ruwa ya ragu, manomi ya ce inji ya gaji. In famfon ya kwana yashi ya zauna a cikinsa, da safe akwatin zai yi ta yunƙurin tayar da shi a kan abin da ya cije, kowane yunƙuri kuma murɗa ce a wuyan sandar. In rijiya ta ƙafe ya juya a bushe, ƴan mintoci sun isa robar ta ƙone. Ɗaya irin mai farfela ne jere a kan doguwar sanda, ya fi ba da ruwa mai yawa a rijiya marar zurfi kuma ya fi haƙuri da yashi, amma in farfelar ta roba ce mai araha, tana cinyewa, sanda ta fara rawa, rawar ta kashe boris, ruwa ya sami hanyar shiga inda bai kamata ba. A duk wannan jerin, inji maras gawayi shi ne na ƙarshen mutuwa, kuma kashe shi ake yi.

Adalci ya sa a faɗi cewa injin fetur ma wannan cuta ce ke cinsa. Farfelarsa a bakin sandar injin take kai tsaye, abin da ke tsakaninta da boris ɗan zoben tare ruwa ne kawai, kuma yashi ne ke fara cinye shi. Bambancin shi ne zoben nan ana samunsa a kasuwa, kowa kuma ya san yadda ake sa shi. Ashe fifikon da ake ba injin fetur ba na ƙira ba ne, na kasuwa ne da sabo, abin da shekara talatin ta gina. Abin da shekaru suka gina wa wannan kuwa, ana iya gina wa wancan da gangan, matuƙar famfon irin wanda ake kwancewa ne. Famfon da ke rabuwa gida uku, kan famfo daban, inji daban, akwati a sama cikin inuwa inda hannu ke kaiwa, ya bi hikimar masu damben na'urori: abin da ke shan duka shi ne mai araha, kuma shi ake sauyawa. Murɗaɗɗen ƙarfe da kubensa ba su fi ƙarfin bakaniken da ke kwance kafireto ba, ƙusoshi ne ƴan kaɗan. Wanda aka liƙe gaba ɗaya kuwa, ya cancanci duk zargin da masu adawa ke yi, kuma kasuwa cike take da irinsa, har da masu gawayi a ciki da ake sayarwa da sunan sola kawai. Araha ba ta ado.

Mutanen Adar ba sa bukatar a karanta musu wannan daga littafi. Aikin Keita da Italiya ta ɗauki nauyi tare da FAO daga 1984, inda mata suka yi mafi yawan ɗaukar duwatsu ana biyansu da abinci, ya bar gandun itatuwa da jerin duwatsu da madatsun ruwa a ƙasar da fari ya ƙone. Layukan dogon yaro masu tare iska da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 sun zama abin misali har a wajen Nijar. A fahimtata, abin da ya fi daɗewa daga irin waɗannan ayyuka shi ne wanda hannun mutanen wurin ke iya tayarwa in ya faɗi. Duk ƙungiya ko hukumar da za ta raba famfunan sola ba tare da ta ajiye kayan sauyi a shagunan Madawa da Buza da Tamaske ba, ba ta kuma koya wa kanikawan da ke nan yadda ake auna wuta da gano laifin akwati ba, ta raba wa mutane abin da zai zama turken ɗaure akuya.

Saura ƙorafe-ƙorafen da ba su shafi sanda ba, kuma ba duka ke da amsa mai daɗi ba. Lokacin albasa shi ne lokacin hunturu, ƙura na rufe rana tana kuma kwanciya a kan faifai; shafewa kowace safiya na rage matsalar, ba ta kawar da ita. Sola ta fi ƙarfi da tsakar rana, manomi kuwa ya fi son ban ruwa da sanyin safiya ko yamma, sai an gina tafki ko kwandon ajiya, wannan kuma ƙarin kuɗi ne a kan kuɗin da tun farko ya fi na injin fetur nesa ba kusa ba. Injin fetur na kwararo ruwa da yawa cikin awa biyu mutum ya tafi wata sabga, ƙaramin famfon sola kuwa yini yake yana tsiyaya. Faifai ba ya shiga ɗaki da sauƙi, ɓarawo ya san haka. Wasu manoma sun bi hanya ta uku, sun juya injin fetur ɗinsu ya koma shan iskar gas ta tukunya, wanda ya rage tsada ba tare da an rabu da bakaniken unguwa ba, kuma ga mai rijiya marar zurfi da ƙaramin jari wannan lissafi ne mai kyau, ba na ganin dalilin hana shi. Ƙorafin da ya fi damuna dabam ne. Tsadar mai, duk da zafinta, ita ce linzamin da ke sa mutum ya kashe inji in garka ta ƙoshi. In ruwa ya zama kyauta bayan an biya kuɗin farko, babu abin da zai sa a kashe, sai a ƙara faɗin garka, kuma famfon da ke nutse na bin ruwa ƙasa har inda injin maƙwabci ba ya kaiwa. Ruwan kwarin Tarka damina ce ke mayar da shi, ba teku ba ne. Wannan ba laifin maganaɗisu ba ne, amma ba za a ce babu shi ba, kuma maganinsa na hannun masu garake da hukumomin gari, su san rijiya nawa kwari zai ɗauka.

Da aka auna duka, ina ganin inji maras gawayi ya fi, kuma inda ruwa ya wuce mita 8 ba shi da abokin takara. Sai dai sharaɗin na da nauyi daidai da hukuncin. Kafin a sayi famfo a fara gyara rijiya, a wanke ta har ruwa ya fito garau, a rataye famfon sama da gindinta yadda ba zai sha laka ba, a sa masa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya ja. Mai rijiya marar zurfi mai yashi ya nemi mai farfela, ya bar mai murɗaɗɗen ƙarfe ga mai rijiya mai nisa da ruwa mai tsabta. A shago kuma, kafin a yi maganar wat, mai saye ya ce a kwance masa kan famfon a gabansa, ya ga kaurin sandar da irin ƙarfenta, ya tambayi kuɗin kuben roba shi kaɗai da kuɗin akwati shi kaɗai, ya ce a ɗauko su daga kanta ya gani. In mai shago ya ce sai an aiko daga Kano, to tsohon injin fetur ya ci gaba da zama a ɗaki da mai a cikinsa har a kwashe albasa.